Wa ke iya ce wa mai bindiga a'a? Abin da masu bincike suka gano a yankunan yaƙi

A shekarar 1987, a yankin kogin Carare na ƙasar Kolombiya, wani hafsan soja ya tara manoma ya shimfiɗa musu zaɓi huɗu: su ɗauki makami su bi bayan gwamnati, su koma wajen 'yan tawaye, su tattara nasu ya nasu su bar yankin, ko su mutu. Kafin wannan rana manoman sun riga sun binne ɗaruruwan 'yan'uwansu. 'Yan tawayen FARC kan kashe mutum bisa zargin yana kai wa soja rahoto, soja da 'yan bangarsu kuma su kashe maƙwabcinsa bisa zargin yana ciyar da 'yan tawaye. Manoman suka ƙi duka huɗun. Suka kafa ƙungiyar manoman Carare da aka fi sani da ATCC, suka tashi wakilai suka je suka zauna da kowane ɓangare ido da ido, suka shaida musu cewa ba sa tare da kowa, kuma ba za su ƙara ba kowa labarin wani ba.

Faɗar haka abu ne mai sauƙi. Abin da ya ja hankalin Oliver Kaplan, malamin jami'a a Amurka wanda ya yi shekaru yana nazarin yankin, shi ne tsarin da suka gina a bayan maganar. Idan wani ɓangare ya sa sunan mutum cikin waɗanda za a kashe, sai ƙungiyar ta nemi a dakata. Ta bi diddigin zargin, ta tambayi maƙwabta, ta gano ko gaskiya ne ko kuwa wani ne mai tsohuwar gaba a kan gona ko bashi ya kai ƙara don a rama masa. In ƙarya ce, sai ta koma ta tsaya wa mutumin. In akwai ƙamshin gaskiya, sai ta ja masa kunne ko ta fitar da shi daga yankin da ransa. Mai bindiga yana da harsashi, amma bai san wane ne wane a ƙauye ba. Wannan sanin shi ne jarin manoman, kuma da shi suka ceci rayuka.

Tambayar da ke ƙarƙashin duk wani bincike a kan ƙungiyoyin farar hula da rikici da shugabanci ke nan: idan gwamnati ta janye ko ta zama ɗaya daga cikin masu harbi, wa ke tafiyar da rayuwar yau da kullum, kuma wa ke da ƙarfin taka wa mai makami birki? Shekara talatin da suka wuce an fi amsa ta daga ofis. Yau akwai tarin aikin da aka yi a ƙasa, ƙauye bayan ƙauye, kuma abin da ya fito ya rushe zato da yawa.

Zaton farko da ya faɗi shi ne cewa yankin yaƙi wuri ne da babu mulki, kowa na cin karensa babu babbaka. Mulki ba ya gushewa, hannu yake sauyawa. Zachariah Mampilly ya kwatanta ƙungiyoyin tawaye uku, na Siri Lanka da kudancin Sudan da gabashin Kongo, ya nuna yadda kowace ta yi fama da tambayar da gwamnatoci ke fama da ita: ya za a yi da mutanen da ke ƙarƙashinmu? A Siri Lanka, 'yan tawayen Tamil sun kafa 'yan sanda da kotuna har da banki a garin Kilinochchi, a lokaci guda kuma gwamnatin da suke yaƙa ce ke ci gaba da biyan albashin malaman makaranta da ma'aikatan asibiti a yankin nasu. Maƙiya biyu, talaka ɗaya, kowa ya riƙe gefen da zai iya.

A gabashin Kongo, Raúl Sánchez de la Sierra ya tattara tarihin ɗaruruwan ƙauyuka da wuraren haƙar ma'adinai, ya ga wani abu da ke nuna yadda lissafin yake. Da farashin ma'adinin koltan ya yi tashin gwauron zabo a shekarar 2000, masu makamai suka daina faɗa wa mahaƙa su kwashe su gudu. Suka kafa sansani a bakin ramin, suna karɓar haraji, suna ba da tsaro, domin koltan kaya ne mai nauyi da ba ya ɓoyuwa. Zinariya kuwa ana iya sa ta a aljihu a wuce, don haka inda zinariya take, sai suka tare a cikin ƙauyukan da mahaƙa ke kashe kuɗinsu, suka sa harajin kai da na kasuwa, har suka shiga yin shari'a. Ɗan fashin da ya zauna wuri ɗaya yana da dalilin barin saniya da rai don ya riƙa tatsa. Wannan bai mayar da shi adali ba, amma yana bayyana dalilin da ya sa wasu mutane ke jure masa.

A nan ne aikin Ana Arjona, ita ma a Kolombiya, ya fi ratsa ni. Ta tambayi dalilin da ya sa ƙungiyar tawaye ɗaya ke mallake komai a wannan ƙauye, daga rabon gado har lokacin rufe ƙofa da dare, amma a ƙauyen da ke kusa ta tsaya ga karɓar kuɗi da abinci ta bar mutane da al'amuransu. Amsar da ta samu ba ta shafi yawan bindigogi ba. Ta shafi yadda mutanen wurin ke raba gardama tun kafin mayaƙa su iso. Inda akwai hanyar sasanta rikicin gona da bashi da aure wadda mutane suka yarda da adalcinta kuma take aiki, mayaƙa kan yi taka-tsantsan, don sun san jama'a za su haɗa kai su bijire. Inda wannan hanya ta ruɓe, sai mayaƙa su shigo a matsayin alƙalai, mutane kuma su yi maraba da su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da aka gani ke nan a Afganistan, inda kotunan Taliban suka samu karɓuwa tun kafin 2021 saboda saurin yanke hukunci, haka ma a Somaliya, inda ake samun mazauna Mogadishu suna fita bayan gari su kai ƙarar fili gaban kotunan Al-Shabaab.

To, su wane ne farar hular da ake magana? A nan ne masu bincike da masu ba da tallafi suka daɗe suna tuntuɓe. A takarda, ƙungiyar farar hula ita ce mai rajista, mai ofis da allon suna da asusun banki, wadda ta iya rubuta takardar neman tallafi da Turanci ko Faransanci. Irin waɗannan kan yi yawa a babban birni da zarar kuɗin agaji sun fara kwarara, kuma a cikinsu akwai masu aikin kirki ƙwarai. Amma wanda ke tsallaka daji ya je ya karɓo yaron da aka kama, ko ya roƙi a buɗe hanya ranar kasuwa, galibi ba shi da rajista. Dattijo ne, ko malamin addini, ko shugabar mata 'yan kasuwa, ko shugaban direbobi.

Somaliya ce babbar makarantar wannan darasi. Gwamnatin tsakiya ta rushe a Janairun 1991, amma Ken Menkhaus ya nuna yadda dattawan ƙabilu da 'yan kasuwa da malamai suka ci gaba da ɗinka wani irin tsari a garuruwa da yawa, abin da ya kira shugabanci ba tare da gwamnati ba. A arewa, taron Borama na 1993 ya ɗauki watanni ana zaune, jama'ar yankin ne suka ɗauki mafi yawan nauyinsa, kuma daga nan aka fito da shugaban Somaliland, yankin da ya ɓalle daga Somaliya, Muhammad Ibrahim Egal, da majalisar dattawa ta Guurti wadda ke nan har yau. A Wajir ta arewacin Kenya, mata ne suka fara sulhu a kasuwa a farkon shekarun 1990, Dekha Ibrahim Abdi na cikinsu, kafin dattawa da jami'an gwamnati su shigo. A Sudan kuwa, tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, matasan unguwanni da suka saba tsara zanga-zanga ne suka koma dafa abinci a tukunya ɗaya don ciyar da unguwa, da kwashe marasa lafiya, a wuraren da manyan hukumomin agaji ba su iya shiga. A taron agaji na duniya da aka yi a Santambul a 2016 masu ba da agaji sun yi alkawarin cewa zuwa 2020 kashi 25 cikin ɗari na kuɗin za su riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin cikin gida kai tsaye gwargwadon iko. Shekarar ta zo ta wuce ba a ko kusanci wannan adadi ba.

Sai dai kada a ɗauka duk inda mutane suka taru alheri ne. Kafin 1994 ana yabon Ruwanda a matsayin ƙasa mai yawan ƙungiyoyin manoma da na coci da na raya karkara, kuma Peter Uvin ya nuna cewa wannan yawa bai hana kisan ƙare dangi ba. 'Yan Interahamwe da suka yi ƙaurin suna a kisan ma reshen matasa ne na jam'iyya mai mulki. Sheri Berman ta nuna makamancin haka a Jamus kafin Hitler: ƙungiyoyi sun yi yawa, amma kowa na cikin nasa rukuni, 'yan Nazi kuma suka bi ta cikinsu suka yaɗu. Ashutosh Varshney, da ya kwatanta biranen Indiya irin su Aligarh mai yawan tarzoma da Calicut mai zaman lafiya, ya gano cewa bambancin yana ga ko ƙungiyoyin sun haɗa Hindu da Musulmi a abu ɗaya, kamar kasuwanci ko ƙungiyar ƙwadago. Inda suka haɗa, jita-jita kan mutu tun ba ta zama wuta ba, domin akwai wanda zai kira wani a ɗaya ɓangaren ya tambaye shi gaskiyar magana.

Yaƙi kansa yana da tasiri mai fuska biyu. Binciken John Bellows da Edward Miguel a Saliyo ya nuna cewa mutanen da yaƙin 1991 zuwa 2002 ya fi taɓawa sun fi halartar taron gari da jefa ƙuri'a. Christopher Blattman ya ga irin haka a tsakanin matasan arewacin Yuganda da 'yan tawayen LRA suka taɓa sacewa. Wahala kan sa mutum ya tashi tsaye. Amma da aka haɗa irin waɗannan bincike daga ƙasashe daban-daban, sai alamu suka nuna cewa haɗin kan ya fi karkata ga 'yan gida, na waje kuwa ba lalle ya samu rabo ba. Hannun da ya rungumi ɗan'uwa shi ne kan rufe wa baƙo ƙofa.

A teburin sulhu akwai adadi ɗaya da ake yawan ambato. Desirée Nilsson ta Jami'ar Uppsala a Suwidin ta duba yarjejeniyoyin zaman lafiya 83 da aka ƙulla tsakanin 1989 da 2004, ta samu cewa waɗanda aka sa farar hula a ciki haɗarin rushewarsu ya ragu da kashi 64 cikin ɗari. Adadi ne mai ƙarfi, amma yana buƙatar a karanta shi da hankali, domin mai yiwuwa ne mayaƙan da suka yarda farar hula su zauna da su dama can sun fi son a daidaita. Thania Paffenholz da abokan aikinta a Janiba sun ƙara da cewa kujera kaɗai ba ta wadatar ba, sai in mai zama a kanta yana da tasiri a kan abin da za a rubuta. Matan Laberiya sun nuna bambancin a 2003. Kirista da Musulmi, sanye da fararen kaya, suka yi ta zaman dirshan a Monrobiya ƙarƙashin jagorancin Leymah Gbowee da abokanta. Da tattaunawar Akra ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, wakilan mayaƙa na jin daɗin otal ana ta mutuwa a gida, sai matan suka zauna a bakin ƙofar zauren suka saƙala hannuwa, suka ce ba mai fita sai an cimma matsaya. Janar Abdulsalami Abubakar ne mai shiga tsakani a lokacin. An sa hannu a yarjejeniyar sulhu a ranar 18 ga Agusta.

Idan haka ƙungiyoyin jama'a ke da muhimmanci, me zai hana a zuba kuɗi a gina su? An gwada, kuma an auna sakamakon da kyau. A Saliyo an ɗauki ƙauyuka 236, aka yi ƙuri'a, rabi suka samu shirin GoBifo: kuɗi, da kwamitin ƙauye, da sharaɗin sa mata da matasa a shugabanci. Bayan shekaru, Katherine Casey da Rachel Glennerster da Miguel suka koma, kuma ba su tsaya ga tambayar baki ba. Sukan isa ƙauye su ce ga kyauta, a zaɓi ɗaya, gishiri ko batir, sa'an nan su koma gefe suna kallo: wa ya yi magana, mata nawa suka buɗe baki, an yi shawara ne ko manya sun keɓe sun yanke? Suka kuma bar wa kowane ƙauye tamfol don a ga ko za a yi amfani da shi tare ko wani babba zai ajiye a gidansa. Gine-gine sun samu, kasuwa ta ɗan motsa, kuɗi ba su salwanta ba. Amma yadda ake yanke shawara bai sauya ba, ƙauyen da ya sha taron bita da wanda bai sha ba duk ɗaya. A gabashin Kongo an yi shirin Tuungane a ƙauyuka sama da dubu, aka gwada wasu daga cikinsu da dala dubu ɗaya kowane ba tare da sharaɗi ba, sakamakon ya zo kusan iri ɗaya. A gundumar Lofa ta Laberiya an ɗan ga ƙarin haɗin kai, don haka ba za a ce ƙofar a rufe take ruf ba. Duk da haka, ni abin da na fahimta shi ne amana ba ta ginuwa a cikin wa'adin kwangila. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wanda ya fi wannan ciwo. Shirin Fambul Tok a Saliyo yana tara mutanen ƙauye a bakin wuta da dare, wanda aka zalunta ya faɗi abin da aka yi masa, wanda ya yi ya amsa ya nemi gafara. Binciken da aka wallafa a 2016 a kan ƙauyuka 200 ya nuna yafiya ta ƙaru, zumunci ya ƙaru, mutane sun fi ba da gudummawa ga aikin gayya. Amma damuwa da firgici da baƙin ciki su ma sun ƙaru a zukatan mutanen, har bayan shekara biyu da rabi. Gari ya samu sauƙi, ɗaiɗaikun mutane suka biya farashin. Duk mai shirya taron yafiya ya kamata ya san wannan kafin ya ce wa matar da aka kashe wa miji ta miƙe ta yi bayani a gaban jama'a.

Saura shi kansa binciken, domin shi ma yana da inda yake yoyo. Mai bincike yana zuwa ne inda hanya ta buɗe, inda jami'arsa da kamfanin inshora suka yarda. Ka ɗauka ya isa ƙauye a motar wata hukumar agaji, mai gari na zaune a gefe, tafinta na fassara, ya tambayi wata dattijuwa wa ta fi amincewa da shi a garin. Ita tana kallon tambarin da ke jikin motar, tana lissafin ko amsarta za ta kawo buhun abinci, tana kuma tuna cewa baƙon zai tafi da la'asar, ita ce za ta kwana. Abin da ta faɗa zai shiga kwamfuta ya zama adadi. Alƙaluma ma suna da nasu iyaka. Ma'ajiyar bayanan Uppsala tana ƙirga rikici ne idan ya ci rai 25 a fagen daga cikin shekara, kuma irin waɗannan ma'ajiyoyi sun dogara sosai da rahoton jarida, alhali inda ya fi muni nan ne ɗan jarida ba ya zuwa. Ƙiyasin ƙungiyar agaji ta IRC na mutum miliyan 5.4 da suka mutu a Kongo tsakanin 1998 da 2007 ya zagaya duniya, daga baya wasu masana suka ƙalubalanci yadda aka yi lissafin, kuma har yau ba a daidaita ba.

Alkawarin sirri ma kan karye. Tsofaffin mayaƙan Ireland ta Arewa sun ba masu binciken Kwalejin Boston labarinsu bisa sharaɗin ba za a saki faifan ba sai bayan ransu, amma daga 2011 'yan sanda suka bi ta kotun Amurka suka karɓe wasu. Sa'an nan ga tambayar wa ke ɗaukar haɗari, wa ke ɗaukar suna. A 2019 wasu masu bincike 'yan Kongo a birnin Bukavu suka fara rubuta abin da suka daɗe suna haɗiyewa: su ne ke ratsa shingayen mayaƙa, su ne suka san harshe, su ne ke sauraron labarin fyaɗe da kisa su koma gida da shi a ƙirji, amma idan takarda ta fito sai a ga sunan wani a sama, nasu a layin godiya ko ma babu. Wannan ya wuce batun adalci ga ma'aikaci. Wanda ya san wurin shi ne ya san wace tambaya ce ba a yi ba, kuma muddin ba shi da bakin tsara binciken, za a ci gaba da auna abin da ke da sauƙin aunawa.

Su kuwa manoman Carare, tsarinsu bai zama sulke ba. A ranar 26 ga Fabrairun 1990, 'yan bindiga suka iske shugabanninsu uku, Josué Vargas da Saúl Castañeda da Miguel Ángel Barajas, a wani gidan abinci a garin Cimitarra, suka harbe su tare da 'yar jarida Silvia Duzán da ke hira da su. Ƙungiyar ta naɗa sababbin shugabanni, ta sake tura wakilai wajen ɓangarorin da ke ɗauke da makamai, har da wanda ake zargi da kisan. A ƙarshen wannan shekara aka ba ta lambar yabo ta Right Livelihood a Suwidin, kuma shekaru bayan haka, lokacin da Kaplan ya isa yankin, ya tarar da bayanan mutanen da aka yi wa barazana, ƙungiyar ta binciki zarginsu, suka rayu.